Tukunyar Miya Ma Asusu Ce

 

A wani zamanmu na mako, ma'ajiya ta kira sunan wata ƴar uwa, sai ta sunkuyar da kai ta ce a yi mata haƙuri. Mako na uku ke nan a jere ba ta yi zubi ba, alhali mace ce da ba a taɓa bin ta bashin ko dala ba, kuma kowa ya san tana tuyar ƙosai safe da yamma. Da aka rufe akwati aka watse, shugaba ta ja ta gefe. Amsar da ta bayar ita ce ta sa muka rubuta wannan takarda. Ta ce: "Wallahi Yaya, ban sayi zane ba, ban yi biki ba. Miya ce ta cinye jarin."

Maigidanta yana kawo hatsi, bai fasa ba. Kuɗin cefanen da yake bari ne suka tsaya inda suke, kayan miya kuma suka yi gaba. Kullum sai ta ɗan ciro daga kuɗin ƙosai ta cika, yau dala goma, gobe dala ashirin, har bashin da ta karɓa don sayen wake ya ƙare a tukunya. Da aka kawo zancen a zama na gaba, ba tare da an kama sunanta ba, sai muka ga kusan kowace mace tana gyaɗa kai.

Inda kuɗin ke zurarewa

Mu ɗauki dunƙule shi kaɗai. A ce gida yana jefa guda 4 a wuni, biyu da rana biyu da dare, kowane a kan dala 5. Sefa 100 ke nan kullum. A wata jika 3, a shekara ya haura jika 36. Ba mu sa ƙullin yaji ba, ba mu sa na kuka da na kauɗa da daddawa da albasa ba. Kowace ta zauna ta yi nata lissafin da farashin garinsu, za ta ga abin da take zubawa a miya cikin shekara ya kusa kai, ko ma ya wuce, abin da take ɗauka ranar fashin asusu.

Mai ƙulla kayan miya ƴar uwarmu ce, da yawa cikinmu ma sana'armu ke nan, kuma ribarta halal ce. Amma mu lura da yadda take samun ta. Tana saye da tiya lokacin da kaya ya yi yawa, ta adana, ta ƙulla kaɗan-kaɗan lokacin da ya yi wuya. Wadda ke saye kullum da safe tana biyan kuɗin kaya, tana biyan kuɗin leda, tana kuma biyan tsadar watan da take ciki. Tun da aka rufe iyakoki a 2023 mun ga yadda kayan da ake shigowa da su suka yi tsalle, har da tumatirin gwangwani. Albasa da tattasai da sure da kuka da gyaɗa kuwa a ƙasarmu suke fita.

Tun 1991, da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi, mata suka gane cewa ƙaramin kuɗi in an tara shi wuri ɗaya yana yin aikin da ba ya yi a hannun mace guda. Dubarar nan ce muke so mu kai madafa: a haɗa kuɗi, a saya lokacin araha, a sarrafa tare, a raba, kowace ta adana abin da zai kai ta damina.

Kowane kaya da watansa

Duk ribar tana cikin sanin lokaci. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, ake samun gyaɗa, riɗi, barkono da gurguzu, wato ƙwayar sure. Cikin sanyi, daga Janairu zuwa Maris, tumatir na garake yakan cika kasuwa har ya fi ƙarfin masu saye. Maris da Afrilu lokacin cirar albasa ne a Galmi da Madawa da Ƙonni da kewaye, sa'ad da manyan motoci ke lodi zuwa Ghana da Kodibuwa, ƙanana da waɗanda suka ɗan ƙuje kuma ba mai waiwayarsu. Da bazara ɗorawa ke nuna, a samu kalwa. Ganyen kuka da kuɓewa, wadda wasunmu ke ce wa guro, sai damina da ƙarshenta. Busasshen tattasan Difa yakan fi sauƙi bayan an kwashe shi daga gonakin bakin Komadugu, a tambayi dillalan kasuwa su faɗi watan da ya fi faɗuwa a garinku.

Ƙungiyar da ta san wannan jeri za ta tsara bashinta a kai. Maimakon a zuba duk kuɗin akwati a kaya ɗaya, sai a bi shekara: gurguzu da gyaɗa da kaka, tumatir da sanyi, albasa da zafi.

Gabu

Gabu tsohon abu ne, iyayenmu da shi suka yi miya kafin dunƙule ya zo. Iri biyu muke yi. Na farko na lawashi ne: a yanke ganyen albasa, a cire rawaya da ruɓaɓɓe, a wanke, a bari ya tsane, a kirɓa a turmi, a dunƙula ƙanana, a shanya har ya bushe ciki da waje. Na biyu na ƙwallon albasa ne: a ɓare, a yanka siriri, a baza a rana.

A sani albasa kusan duk ruwa ce. Kilo 10 na ɗanya in ta bushe ba ta wuce kilo ɗaya da ɗan kai ba. Kada wannan ya tsorata kowa, don cokali guda na garin yana yin aikin albasa mai girma. A zaɓi ƙanana masu ƙarfi, waɗanda suka fi araha. Wadda ta fara laushi ko ta yi baƙi a wuya a bar ta, guda ɗaya tana ɓata faifai.

Sirrin ƙamshin gabu yana wajen suya. Kafin a daka, a zuba shi a kasko bisa wuta kaɗan, da ɗigon mai ko ba mai, a yi ta juyawa har ya yi ja-ja ƙamshi ya tashi. In ya ƙone ɗaci zai yi, ba gyara. Wasu kan haɗa da soyayyen riɗi su daka tare. Shawararmu a soya na mako biyu ko uku kawai, sauran a bar shi busasshe, don wanda bai ga mai ba ya fi daɗewa.

Daddawa

Kalwa ta yi tsada, itatuwan ɗorawa sun ragu a wurare da yawa. Amma kusan kowace gona akwai sure a gefenta, ana cin ganye, ana shan zoɓo, gurguzu kuwa sau da yawa a banza ake rabuwa da shi. Da shi ake daddawar batso.

A bakace gurguzu, a tsince tsakuwa, a wanke sosai. A dafa shi ya daɗe, awa 8 zuwa 12, har ƙwayar ta yi laushin da yatsa biyu za su murje ta. A tsane, a zuba a tukunya ko ƙwarya mai tsabta tun da ɗuminsa, a rufe ruf, a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu. Sannan a daka, a yayyafa ruwan toka da aka tace daga tokar karan hatsi, a mayar a rufe ya ƙara kwana ɗaya ko biyu. In ya nuna wari zai faɗa miki, maƙwabta ma za su faɗa miki. A dunƙula ko a faɗaɗa, a shanya har ta bushe ƙarau.

Ta kalwa ta fi aiki: dahuwa ta kwana, surfe don a cire ɓawo, wanki, a sake dafawa, sannan a rufe kwana biyu zuwa uku. Akwai kuma masu yi da waken suya, ita ba ta cin itace kamar kalwa.

Itace shi ne babban kuɗin daddawa, kuma a nan haɗin kai ke biya. Wutar da za ta dafa tiya ɗaya kusan ita ce za ta dafa tiya biyar a babbar tukunya. Kuma kada a yi ta da karatun takarda kaɗai. A kowace unguwa akwai tsohuwar da hannunta ya san daddawa. A gayyace ta, a ba ta goronta, a tsaya a gani. Tamu, da muka tambaye ta awa nawa za a rufe, dariya ta yi ta ce: "Ke ɗiyata, daddawa ba ta san agogo ba. Da sanyi ta daɗe, da zafi ta yi sauri. Ki riƙa buɗa gefe kina shinshinawa."

Garin ɗanɗano da yaji

In an samu gabu da daddawa, an yi rabin hanyar rage dunƙule. Ga haɗin da muke yi, muna awo da gwangwanin madara: daddawa busasshiya 2, soyayyen gabu 2, busasshen kifi da aka cire wa ƙaya 1, tattasai 1, kauɗa 1, citta rabi, busasshiyar tafarnuwa rabi, masoro ɗan kaɗan. Kifin a ɗan gasa shi ya ƙara bushewa. A daka kowane daban, a tankaɗe, sannan a haɗa. Babban cokali ɗaya ko biyu ya ishi tukunyar gida. Wannan awon namu ne, kowace ta gyara shi daidai bakin iyalinta. Gidan da ba a son warin kifi a cire shi a ƙara gabu.

Da gangan ba mu sa gishiri a ciki. Dalili na farko, gishiri yana jan danshi, da damina sai garin ya dunƙule. Na biyu, lafiya. Kusan rabin nauyin dunƙulen kanti gishiri ne, sannan mu ƙara wani gishirin a kai, wani lokaci har da farin magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, a duk abin da ya ci. Yawan gishiri yana cikin abubuwan da ke kawo hawan jini, kuma ba gidan da bai san mai hawan jini ba. In gishiri yana gefe, hannunki ne ke auna shi.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Gishirin da za a zuba ya kasance mai iyod, wanda ke kare maƙoƙo kuma yake taimaka wa ƙwaƙwalwar jinjiri tun yana ciki. A ajiye shi a rufe, nesa da rana da wuta.

Yaji kuwa kowace mace da nata hannu: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, ƙuli-ƙuli, ɗan gishiri. Kimba a ɗan gasa ta a fasa a zubar da ƴaƴan, su ne ke kawo ɗaci. Yajin da ba ƙuli yana yin watanni. Mai ƙuli kuwa, saboda sauran man da ke ciki, yakan canza wari in ya daɗe, don haka a daka kayan ƙamshin da yawa a ajiye, a riƙa haɗa ƙulin na wata-wata. In za a kai injin niƙa, a je a ƙarshe bayan masu hatsi sun gama, in ba haka ba unguwa ta sha fura mai yaji a san ko su wa suka yi. A fara zuba ɗan tsaki a wanke injin kafin a zuba kayan.

Kauɗar da ta ba mu kunya

Ba za mu ɓoye muku ba, shekarar da muka fara mun yi asara. Tumatir ya faɗi, muka ɗauki kuɗin akwati muka sayi kwanduna. Don sauri muka raba kowane gida biyu kawai, muka baza a kan leda a ƙasa, ruwan da ke fita ya kwanta a ƙarƙashi. Kwana uku muka ga sama ya bushe, muka kwashe muka cusa a buhun leda muka ɗaure. Bayan makonni da aka buɗe, hunhuna ta yi fari da baƙi, wari ya cika ɗaki. Wata ta ce a wanke a sake shanyawa a sayar. Aka yi gardama sosai, don kuɗin kowa ne a ciki. A ƙarshe muka haƙa rami muka binne, muka raba asarar, kowace ta cika da zubinta. Ranar fashin asusu an ji a jiki.

Ga abin da muka koya. A sayi tumatir nunanne mai ƙarfi, wanda bai fashe ba. A wanke, a yanka shi siriri, a juya wajen yankan yana kallon sama. A shanya bisa tabarma ko faifai da aka ɗora a kan rumfa, yadda iska za ta bi ta ƙasa, awaki da kaji ba su kai ba. A lulluɓa da farin yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Kada a lulluɓa da sangen sauro da aka raba mana a likita, magani ne a jikinsa, bai dace ya taɓa abinci ba. Da magariba a shigar ɗaki. Tumatir ya fi albasa ruwa, kilo 10 ba ya ba da kilo ɗaya na kauɗa, kuma yakan ɗauki kwana biyar zuwa mako kafin ya gama.

Kafin a adana kowane kaya, a gwada shi. A zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba, a rufe, a sa a rana kamar awa ɗaya. In kwalbar ta yi gumi daga ciki, da saura, a mayar shanya. Kuɓewa sai ta karye ƙas. Ganyen kuka da na zogala kuwa a inuwa ake shanya su, inda iska ke ratsawa. Rana tana ƙone launinsu, tana kuma rage amfaninsu.

Maganar hunhuna ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Wadda ke kama gyaɗa da masara da busasshen barkono tana iya barin wata guba da ake kira afalatoksin. Tana lalata hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kashe ta. Saboda haka gyaɗar da za a yi ƙuli ko tunkuza da ita a tsince ta ɗaya-ɗaya, a zubar da wadda ta motse, ta yi baƙi ko ta yi ɗaci. Kada a ce a ba yara ko a zuba wa akuyar tatsa, gubar tana bi ta nono.

Wajen ajiya, kwalba ko roba mai murfi da aka wanke ta bushe sarai. Kada a taɓa zuba abinci a bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fetur ko taki, ko an wanke shi sau nawa. A ɗora a kan katako, kada a jingina da bango. A ware ƙaramin gwangwani na amfanin kullum, babbar robar kuma a buɗe ta sau ɗaya a mako, da busasshen cokali. Da damina, duk ranar da rana ta buɗe sosai a fito da kaya su sha iska.

Lissafi kafin a ɗora tukunya

Kada a ce an yi riba sai an rubuta komai. Kuɗin kaya, kuɗin mota ko amalanke, itace, ruwa, niƙa, robobi, goron wadda ta koyar. A haɗa, a raba da yawan gwangwanin da aka samu, a gwada da abin da gwangwani ɗaya zai ci in da ƙulli aka saya. Akwai kayan da za ki ga bambancin bai taka kara ya karya ba a garinku, musamman a Yamai inda itace ke da tsada. Irin wannan a bar shi, a kama wanda ke biya.

Hanyar da ta yi mana daɗi ita ce ware wani ɗan zubi daban, muna ce masa zubin miya, da shafinsa a littafin sakatariya. Ba a taɓa kuɗin bashi, ba a taɓa na taimakon gaggawa. Mata uku ke zuwa kasuwa, ba ɗaya ba, su dawo su faɗi farashi a gaban kowa. Ranar rabo da gwangwani ɗaya ake auna wa kowa. In an samu rara bayan kowane gida ya ɗauki nasa, a ajiye ta sai damina ta yi nisa kaya sun yi wuya, sannan a ƙulla a sayar, kuɗin su koma akwati. A fara da kaya ɗaya ko biyu. Mu da muka fara da kwanduna mun ga abin da muka gani.

Sauran aiki yana cikin gida. Bakin da ya saba da dunƙule ba ya saki rana ɗaya, kuma ba ma son a ce asusu ya jawo wa wata faɗa da maigida. Wata ƴar uwa ta ba mu labari, ranar farko ta cire duka huɗun, maigidan ya kai loma ɗaya ya ce: "Yau kuma wa ya rasu a gidan nan?" Sai ta sake dabara. Ta koma uku da cokalin gari, bayan mako biyu ta koma biyu, yanzu ɗaya take sawa, wata rana ba ko ɗaya, ba wanda ya tanka. Surukarta ce ma ta ce mata: "Miyar nan taki ta tuna mini da ta innata."

Kuma abin da aka rage kada ya narke a hannu. In kin saba ba yaro dala 20 ya sayo dunƙule, yanzu dala 5 kike bayarwa, sauran 15 ɗin ki jefa su a gwangwani nan take, ranar zama ki zo da su. Ajiya maganin wata rana. Ƴar uwar nan mai ƙosai haka ta yi. Ta biya makonnin da ake bin ta, kuma da aka zo cirar albasa ita ce ta ja mu zuwa kasuwa, don ta fi mu iya ciniki.

A zamanku mai zuwa muna roƙon kowace shugaba ta ware ɗan lokaci bayan zubi. Kowace mace ta faɗi abin da ta kashe a kayan miya cikin kwana bakwai, sakatariya ta rubuta, a haɗa jimilla a karanta da ƙarfi. Daga nan ku duba wane kaya ne zai yi araha a garinku cikin wata biyu masu zuwa, ku zaɓi guda. Waɗanda suka riga mu nisa a wannan aiki, musamman ƴan uwanmu na wajen Tawa da suka san gabu tun suna ƴan mata, ku aiko mana da irin naku haɗin ta hannun mai kula da ƙungiyoyin yankinku, mu buga sauran mata su amfana.

Allah Ya sa albarka a zubinmu da tukwanenmu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.